Yadda Ake Zaɓen Keken Hawan Dutse Mai Abzoba Gaba da Baya, Mai Gajeriyar Lotsawa

Kekuna biyu suna iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa, kowanne an rubuta cewa tayarsa ta baya tana lotsawa milimita 120, amma ka hau su ka ji kamar ba su haɗa dangi ba. Ɗaya ba shi da nauyi, yana cin tudu kamar ana tura shi, sai dai da hanya ta gangara cikin duwatsu za ka ji gabanka yana faɗuwa. Ɗayan ya ɗara shi da kilo biyu ko uku, yana hawa a natse ba gaggawa, amma a gangara sai ka ga ka saki birki ba tare da ka yi shawara da kowa ba. Saboda haka wanda ya sayi keke don lambar milimita kaɗai bai san abin da ya saya ba tukuna.

Lotsawa ita ce iyakar nisan da taya take iya matsawa sama idan ta daki dutse ko saiwa, kafin abzoba ta kai ƙarshenta. A kekunan da muke magana a kansu, ta baya tana tsakanin milimita 100 zuwa 130, ta gaba kuma tsakanin 100 zuwa 140. Kekunan manyan gangarori suna da 150 zuwa 170, na tseren gangara zalla kuma suna kai wa 200. Gajeriyar lotsawa tana ba ka keke mai amsa feda nan take, mai sauƙin ɗagawa, wanda ba ya shanye ƙarfin ƙafarka. Abin da kake biya shi ne, idan ka yi kuskure a wuri mai muni, babu ragowar abzoba da yawa da za ta rufa maka asiri.

Mataki na 1: Faɗa wa kanka gaskiya game da hanyar da kake hawa

Ka lissafa hanyoyin da ka fi bi, ba waɗanda kake kallo a bidiyo kana sha'awa ba. Cikin hawa goma, nawa ne doguwar tafiya ta awa uku ko huɗu a hanya mai hawa da sauka? Nawa ne gangara mai tsawo inda birki yake zafi, hannu yake sagewa? Kana tsalle daga tudu mai tsayin ƙugu, ko tayoyinka ba sa barin ƙasa? Kana da niyyar shiga tsere?

Idan mafi yawan lokacinka yana tafiya a hawa da shimfiɗaɗɗiyar hanya mai gargada, saiwoyi da tsakuwa, wannan rukunin naka ne. Idan kuwa mota ko lilon kebul ne ke kai ka saman dutse kai kuma ka gangaro, ka nemi mai doguwar lotsawa, kada ka wahalar da ƙaramin keke ka wahalar da kanka. Akwai kuma tambayar da masu sayarwa ba sa son a yi: kana ma buƙatar abzobar baya? A kuɗi ɗaya, keke mai abzoba a gaba kawai yakan zo da kayan da suka fi kyau, kuma ba shi da gaɓoɓin da za su riƙa cin boris. Abzobar baya tana biyan kuɗinta ne a inda ƙasa take da gargada sosai, domin tana riƙe taya manne da ƙasa a hawa da sauka, tana kuma rage gajiyar baya a doguwar tafiya.

Mataki na 2: Gane ɓangaren da keken ya karkata

A gefe ɗaya akwai na tsere, waɗanda kamfanoni ke yi wa alamar XC. Nauyinsu yakan kama daga kilo 10 zuwa 12 idan firam ɗin, wato gangar jikin keken, na kabon ne (wani zare mai ƙarfi marar nauyi), tayoyinsu masu ƙananan haƙora, zaman mahayi a sunkuye. A da milimita 100 ne ma'auninsu, amma da filayen gasar duniya irin na Mont-Sainte-Anne a Kanada suka ƙara muni da duwatsu, sai manyan 'yan tsere suka koma 120. Scott Spark, keken da Nino Schurter na Suwizalan ya daɗe yana hawa, yanzu 120 ne a tayar baya. Specialized Epic da Orbea Oiz ma sun bi wannan hanya.

A ɗaya gefen akwai waɗanda aka gina kamar kekunan gangara amma aka rage musu lotsawa. Santa Cruz Tallboy da Yeti SB120 misalai ne: 120 a baya, 130 a gaba, firam mai ƙarfi, nauyi wajen kilo 13 zuwa 15. A tsakani kuma akwai irin su Transition Spur, 120 gaba da baya, mai sauƙin nauyi kusan irin na tsere amma da kusurwoyin da ba sa tsoron gangara. Lambobin nan suna sauyawa daga ƙirar wata shekara zuwa wata, don haka ka duba ta shekarar da za ka saya.

A ganina, wanda ba ya tsere da agogo ya fi amfana da na tsakiya ko na gefe na biyu. Ƙarin nauyin da za ka ɗauka a hawa ba zai hana ka isa ba, amma keke mai firgita a gangara zai sa ka riƙa sauka kana turawa.

Mataki na 3: Girma da kusurwoyi

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin taya da birki da giya duk ana canza su, amma firam ɗin da bai dace da jikinka ba sai dai ka sayar.

Haruffan S, M da L ba su da ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni. M na wani kamfani yana iya zama L na wani, kuma M na yau ya fi M na shekara goma da suka wuce tsawo nesa ba kusa ba. Ka buɗe jadawalin ma'aunin keken ka nemi tazarar da ke tsakanin cibiyar feda da saman wuyan firam, a kwance. Wannan tazarar ce ke nuna yadda za ka ji keken lokacin da kake tsaye a kan feda, wato yadda ake gangara. Ga mutum mai tsayin santimita 175 zuwa 180, yawancin kekunan zamani suna ba shi tsakanin milimita 450 zuwa 475. Idan ka faɗa tsakanin girma biyu, ƙaramin ya fi saurin juyawa a matsattsiyar kwana da sauƙin ɗaga gaba, babban kuma ya fi natsuwa a gudu. Kada ka yarda a ce maka za a gyara babban keke da gajeren mariƙin kai, wato ƙarfen da ke haɗa kan keke da wuya, ko ƙarami da dogo. Milimita 10 ko 15 ana iya gyarawa haka, fiye da nan tuƙin ne zai lalace.

Sai kusurwar wuya, wato yadda ƙafafun gaba suka kwanta. Ƙaramar lamba tana nufin tayar gaba ta yi gaba sosai, keken ba ya neman kifar da kai ta kan hannu a gangara mai tsanani. Babbar lamba tana nufin tuƙi mai kaifi a ƙaramin gudu. Na tsere na zamani suna wajen digiri 66 zuwa 67.5, masu karkata ga gangara kuma 65 zuwa 66. Digiri ɗaya kamar ba komai ba ne a takarda, amma hannu yana jin sa. Wasu kekuna suna da ɗan ƙarfe a gaɓar abzoba da ake juyawa ya sauya kusurwar da kusan rabin digiri. Yana da amfani, sai dai kada shi ya sa ka saya, domin yawancin mutane sau ɗaya suke saita shi su manta.

Kusurwar bututun sirdi ita ce ke yanke hukunci a hawan tudu. Tsakanin digiri 75 zuwa 77 yana dora ƙugunka a saman feda, gaban keke ba ya ɗagawa ko yawo idan tudu ya miƙe. Masu dogayen ƙafafu su kula da wani abu: lambar da ke jadawali ana auna ta ne a wani tsayi da kamfani ya zaɓa, kuma a firam da yawa, yayin da kake ƙara ɗaga sirdi yana ƙara komawa baya. Dogon mutum zai iya samun kansa zaune kusan a kan tayar baya duk da jadawali ya ce 76. Wannan sai an hau ake ganewa.

Tsayin bututun sirdin ma abin dubawa ne. Gajere yana ba ka damar sa sandar sirdi mai sauka sosai. Ƙafafun baya, daga cibiyar feda zuwa tsakiyar tayar baya, yawanci suna tsakanin milimita 430 zuwa 440, kuma wasu kamfanoni suna ƙara tsawonsu tare da girman firam, wanda abu ne mai kyau ga dogaye.

Maganar girman taya ba ta da tsawo: kusan duka inci 29 ne, domin babbar taya tana haye rami da dutse cikin sauƙi, abin da ƙaramar lotsawa ke buƙata ke nan. Wasu kamfanoni suna sa inci 27.5 a ƙananan firam don gajerun mahaya.

Mataki na 4: Abzoba, ingancinta kafin yawanta

Milimita 120 na abzoba mai kyau sun fi 140 na marar kyau. Abin da ke bambanta su shi ne abin da ke cikinta mai sarrafa mai, wanda ke hana ta lotsawa gaba ɗaya lokaci guda da kuma harbo ka sama idan tana dawowa. Ka tabbatar gaba da baya duk na iska ne, ba na sifirin ɗin ƙarfe mai arha ba, domin na iska ne kake iya saitawa daidai nauyinka da ƙaramin famfo. Ka tabbatar kuma akwai maɓallin saita saurin dawowa, wanda a yawancinsu jan launi gare shi.

A gaba, ka dubi kaurin bututun da ke shiga yana fita. Abzobobin gaba irin Fox 32 da RockShox SID SL milimita 32 ne, masu sauƙin nauyi, don tsere. Fox 34 milimita 34 ne, RockShox SID da Pike kuma 35. Siriri yana lanƙwasa idan ka danne birki da ƙarfi ko ka shiga duwatsu a kwana, sai ka ji tayar gaba tana bin inda ta ga dama. Mai nauyin kilo 85 zuwa sama, ko mai hawa da zafin nama, ya nemi 34 ko 35.

A baya, yawancin kekunan nan suna zuwa da abzoba mai jiki ɗaya, kuma ta wadatar. Mai ɗan ƙarin tulun mai a gefe, irin Fox Float X ko RockShox Super Deluxe, tana amfani ne ga mai gangara ta mintuna da yawa ba tsayawa, inda man ciki ke zafi aikin abzoba ya ragu.

Za a cika maka kunne da sunayen tsarin gaɓoɓi: VPP na Santa Cruz, DW-link da Dave Weagle ya ƙirƙira wanda Ibis da Pivot ke amfani da shi, Maestro na Giant, ABP na Trek, da tsarin Horst mai gaɓa kusa da tayar baya. Duk ana iya yin keke mai kyau da su, ana kuma iya yin marar kyau. Bambanci ɗaya da ya shafi aljihunka shi ne yawan boris. Yawancin kekunan tsere yanzu sun cire gaɓar da ke kusa da tayar baya, sun bar firam ɗin kansa yana ɗan lanƙwasa a wurin, nauyi ya ragu, boris ma sun ragu. Tsari mai gaɓoɓi da yawa kuwa, ranar canji za ka ƙirga boris takwas ko fiye.

Makullin abzoba da ake dannawa daga hannu yana da amfani ga ɗan tsere mai tashi tsaye ya yi gudun ƙarshe. Ga sauran mutane ƙarin wayoyi ne a kan keke, kuma ba wuya mutum ya manta ya shiga gangara da abzoba a kulle.

Idan kana tunanin ƙara lotsawar gaba nan gaba, duba iyakar da kamfani ya amince. Kowane ƙarin milimita 10 yana kwantar da kusurwar wuya da kusan rabin digiri, yana ɗaga cibiyar feda, kuma wuce iyaka yana iya soke garanti.

Mataki na 5: Taya da birki

Babu abin da ke sauya halin ƙaramin keke kamar taya. Kamfanoni suna son sa sirara marasa nauyi domin lambar sikeli ta yi kyau a talla. Taya irin Maxxis Rekon ko Schwalbe Racing Ralph tana gudu a busasshiyar ƙasa mai tauri, amma a laka ko sakakkiyar tsakuwa tana zamewa. Sa mai manyan haƙora a gaba, irin Maxxis Dissector ko Schwalbe Nobby Nic, ka bar mai gudu a baya, za ka ji kamar an canza maka keke. Faɗin inci 2.3 zuwa 2.4 a kan rim mai faɗin ciki milimita 28 zuwa 30 shi ne daidai ga yawancin mutane. Idan hanyarka tana da duwatsu masu kaifi, kaurin gefen taya ya fi zanen haƙoranta muhimmanci, domin gefe ne ke yagewa.

Ka tabbatar rim da taya suna karɓar tsarin da ba tub, inda ake zuba ruwan like a ciki yana toshe ƙananan huji da kansa. Shi ke ba ka damar rage iska zuwa wajen psi 20 zuwa 26 a ma'aunin famfo, gwargwadon nauyinka, ba tare da dutse ya tsinke tub ba. A keke mai gajeriyar lotsawa, iskar taya rabin abzoba ce.

Birki na mai ne, wannan ba a tattaunawa. Tambayar ita ce fistin masu matse faifan birki biyu ne ko huɗu, da girman faifan. Fistin biyu da faifai milimita 160 na ɗan tsere mara nauyi ne. Ga kowa kuma, 180 a gaba shi ne mafi ƙaranci, kuma fistin huɗu a gaba yana sa ka tsaya da yatsa ɗaya ba tare da hannu ya gaji ba.

Mataki na 6: Giya da sandar sirdi

Kada giya ta ruɗe ka, ita ce abin da ake ɗora wa ido a talla amma tana saurin cinyewa. Faranti ɗaya a gaba, giya 12 a baya, shi ne ma'auni. Shimano Deore ko SLX, ko SRAM GX, suna aikin da na samansu ke yi, nauyi kawai suka ɗara. Haƙoran baya 10 zuwa 51 ko 52 da farantin gaba mai haƙora 30 ko 32 sun isa kowane tudu. Idan an ba ka zaɓi tsakanin keke mai giya ta alfarma da abzoba ta ƙasa, da mai giya matsakaiciya da abzoba mai kyau, ɗauki na biyu ba tare da dogon tunani ba.

Sandar sirdi mai sauka da tashi da maɓalli ba ado ba ce. Sirdi a ƙasa yana ba jikinka wurin motsi a gangara. Nemi mafi tsawon da firam da ƙafarka za su ɗauka, daga milimita 125 ga gajeru zuwa 200 ga dogaye.

Mataki na 7: Firam, da abin da bakanike zai gani

Kabon yakan rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a kan alminiyam, da tsada mai yawa. Firam ɗin alminiyam mai kaya masu kyau ya fi na kabon da aka cika da kayan arha. Bayan haka ka duba ƙananan abubuwan da ba sa fitowa a hoto. Cibiyar feda mai zare, wadda ake ɗaurewa kamar noti, ta fi ta dannawa sauƙin canji, kuma ba ta cika ƙara ba. Wayoyin da aka bi da su ta cikin boris ɗin wuya suna da kyan gani, amma ruwa da ƙura suna bin su, kuma canjin boris ɗaya yana iya jawo a kwance bututun birki. Maratayin giyar baya samfurin da ake kira UDH, wanda kamfanin SRAM ya fitar a 2019 kuma kamfanoni da yawa suka karɓa, ya fi sauƙin samu idan ya karye. Faɗin hob, wato cibiyar wili, na ma'aunin da ake kira Boost, milimita 148 a baya da 110 a gaba, shi ne ya fi yawa, don haka sauya wili ba zai zama matsala ba. Sannan ka gwada ko gorar ruwa tana shiga cikin firam, musamman a ƙaramin girma inda abzoba ke cinye wurin.

Ka sa kuɗin kula a lissafi tun yanzu. RockShox tana ba da shawarar ƙaramin sabis duk bayan awa 50 na hawa da babba a awa 200, Fox kuma awa 125 ko shekara ɗaya.

Mataki na 8: Gwaji

Zagaya filin ajiye motoci ba gwaji ba ne, kuma hawa keken da ba a saita abzobarsa da nauyinka ba ɓata lokaci ne. Kafin ka motsa, a saita lotsawar zama. A jikin bututun abzoba akwai siririn zoben roba. Hau keken sanye da kayan hawanka, wani ya riƙe maka kai, ka ɗan girgiza sau biyu, ka tura zoben ya manne da bakin abzoba, sannan ka sauka a hankali ba tare da ka danna ba. Tazarar da zoben ya matsa ita ce ma'aunin. A baya ana son kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tafiyar abzobar kanta, ba ta taya ba: idan abzobar tana tafiya milimita 50, kashi 30 shi ne milimita 15. A gaba kashi 15 zuwa 20, wato wajen milimita 20 zuwa 26 a mai lotsawa 130.

Daga nan ka nemi tudu mai tsanani ka hau a zaune, ka ji ko gaba yana ɗagawa, ko baya yana lilo da kowane bugun feda. Ka bi wuri mai saiwoyi kana feda, ka ƙirga sau nawa fedar ta daki ƙasa. Idan ya yi yawa, cibiyar feda ta yi ƙasa da yawa ga hanyarka, kodayake gajeren hannun feda na milimita 165 ko 170 yana ragewa. Ka gangara inda ka saba, ka dubi zoben a ƙarshe. Idan ya kai ƙarshe a ƙaramin rami, ana iya sa 'yan robobin rage sararin iska a cikin abzoba. Idan ya kai ƙarshe a ko'ina duk da saiti daidai ne, hanyarka ta fi ƙarfin wannan rukunin.

Idan na hannu za ka saya, ƙara waɗannan. Kama sirdi ka ɗaga keken a hankali, in ka ji ƙwas kafin taya ta bar ƙasa, boris ko bushin abzoba sun ci. Riƙe tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe. Shafa bututun abzoba da farce, domin ƙarzuwar da farce ke kamawa za ta yaga roba ta zubar da mai. Wanke firam ka haska shi da tocila a wuya, gindin feda da kewayen gaɓoɓi, a alminiyam kuma ka bi layin walda. Auna sarƙa da ma'auninta, mai giya 12 ana canza ta idan ta miƙe da kashi 0.5, kuma idan ta wuce haka sosai, haƙoran baya ma sun tafi. Tambayi takardar saye da ranar sabis na ƙarshe, ka kwatanta lambar da ke ƙarƙashin firam da ta takardar. Garantin firam a kamfanoni da yawa na mai saye na farko ne kaɗai, don haka ka karanta sharuɗɗan kafin ka biya.